Saƙonnin Lamba Biyu

"Kujerata ce fa ka ɗauka!"

Dogo ya tsaya da kujerar a hannu, ya juyo ya dubi Auta kamar bai gane muryar ba. Tun suna jami'a yake kiran ta Shiru, don sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ko ranar da wuta ta ɗauke ta tafi musu da aikin safiya guda, tagumi kawai ta yi.

"Yaya ce za ta zauna," ya ce. "Ko tawa kike so in ba ta, mai ƙafa uku da rabi?"

Yayar Auta na tsaye a bakin ƙofa, sanye da farar rigarta ta asibiti, da kular abinci a hannu. Dariya ta yi.

"Bar mata abarta, Dogo. Ba zama zan yi ba. Umma ce ta ce in miƙo wa autarta abinci kada kwamfuta ta shanye ta."

"Haba Yaya! Ki hawo matakalar nan duka, ki juya ba ki huta ba? Wallahi sai kin zauna."

Ya ajiye kujerar, ya sa gefen rigarsa ya goge ta. Ya goge! Auta ta bi hannun da kallo. Ita da take zama a kai kullum, bai taɓa kaɗe mata ko ƙura ba. Ya juya fankar ta fuskanci Yaya, ya kawo ruwa mai sanyi, yana ta tambayar ya aiki, ya marasa lafiya, ya su Baba.

Auta ta koma jikin taga ta tsaya, tana kallon rufin shagon mai gyaran waya da ke ƙasansu kamar an rubuta wani abu a kai.

Da Yaya ta tafi, har bakin titi ya raka ta. Ya dawo yana murmushi shi kaɗai.

"Me ya same ki yau?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin nan naki ya fi komai nauyi."

"Aiki nake yi."

"Kwamfutar taki a kashe take, Shiru..."

Ta kunna ta da ƙarfi, ba ta sake ɗago kai ba.

Ɗan ɗakin nan nasu tebur biyu ne kawai a ciki, sai farin allo da ya sha rubutu har ya daina gogewa. A nan suka gina shafinsu na intanet. Da farko aikin kammala karatu ne, shafin unguwa: wadda ke neman tela, wanda ya tsinci makulli, mai neman malamin darasi ga yaransa. Suka gama makaranta suka ci gaba da shi don sha'awa, bayan sun tashi daga ayyukan da ke ciyar da su.

Ɓangaren neman abokin zama kuwa, Auta ce ta kawo shi. Saboda Yaya ta yi.

Shekarun baya an taɓa sa wa Yaya rana. Ana tsaka da shiri mutumin ya ɗauke ƙafa. Bai ce ya fasa ba, bai ce an yi masa laifi ba, wayarsa kawai ta daina shiga. Tun daga nan Yaya ta rufe ƙofar maganar, ta riƙe asibiti da gida. Umma ba ta faɗa, sai dai ajiyar zuciya duk ranar da aka kawo katin biki.

Don haka Auta ta gina shafin yadda mai jin kunya da wadda aka taɓa yi wa rauni za su iya shiga. Babu hoto, babu suna. Kowa lamba ake ba shi. Saƙonni kuma a kulle suke, ko su biyun da suka gina shafin ba sa iya karantawa. Abin da kawai suke gani a allon kwamfutarsu shi ne 'yan ɗigogi masu lamba, da zare tsakanin duk biyun da ke hira. Idan hira ta yawaita, zaren ya yi kauri. Suka kuma yi wa juna alkawari: ba za su taɓa zancen wani mai lamba ba, ko a tsakaninsu.

Amma akwai lambobin da Auta ba ta buƙatar a gaya mata. Ranar da suka fara gwaji, ita ta buɗe akawun na ɗaya, Dogo ya buɗe na biyu. Yaya kuwa, da hannunta ta yi mata rajista bayan dogon lallashi, Dogo na zaune yana kallo. Lamba arba'in da ɗaya.

Kuma yau makonni ke nan da wani siririn zare ya ɓullo tsakanin lamba biyu da lamba arba'in da ɗaya.

Da farko ta ce gwaji yake yi. Sai zaren ya zama igiya. Yanzu in ta buɗe allon, shi idonta ke fara gani, ya fi na kowa kauri, ya ratsa tsakiyar allon kamar ya ratsa ƙirjinta.

Ba ta taɓa gaya wa Dogo komai ba. Ina ta ga bakin? Ita dai ta san yana taɓa kunnensa na hagu in aiki ya cije masa. Ta san ƙarar takunsa a matakala, ta san ba ya sa sukari a shayi. Tana tsammanin wata rana zai ɗago kai daga kwamfuta ya gane. Ya ɗago ɗin, amma Yaya ya gani.

Da yamma ta tarar da Yaya na guga a falo, waya jingine da kwandon kaya. Wayar ta yi ƙara, Yaya ta saki dutsen guga ta ɗauka, ta karanta ta rufe baki tana dariya.

"Yaya, rigarki za ta ƙone."

"Au!" Ta ɗaga dutsen da sauri. "Wannan mutum zai sa in yi ɓarna."

"Wane mutum?"

"Ji 'yar nema! Ke kika ce ba a faɗar suna, ni ma ban tambaye shi ba tukuna." Ta sake duba wayar. "Wai gidansu duk dogaye ne. Sai da babansu ya sa aka ɗaga ƙofar falo, don kullum sai wani ya fasa goshi."

Auta ta san labarin ƙofar nan. Ta ji shi a bakin Dogo fiye da sau uku, kuma duk lokacin sai ta yi dariya kamar sabo.

"Kuma ba ya shan sukari," Yaya ta ƙara. "Na ce masa da kyau, ka rage mini aiki."

Umma ta leƙo daga kicin, hannu duk kumfa, fuskarta washe.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Ni da nake cewa wasan yara kike yi a saman shagon nan... Yaushe rabon da in ji dariyar yayarki haka?"

"Amin, Umma."

Ta shige ɗaki ta zauna bakin gado. Kwamfutar da ke cikin jakarta ma Yaya ce ta saya mata. Yaya ce ta riƙe hannunta ranar farko a jami'a, don ta san ba za ta iya tambayar kowa hanya ba. In akwai wadda ta cancanci mutum irin Dogo a duniyar nan, ai Yaya ce. Ta faɗa wa zuciyarta haka, ta sake faɗa mata. Zuciyar ta ce ta ji, amma ba ta yarda ba.

Ta daure. Ta daure har ranar da Dogo ya jawo kujerarsa mai rawa kusa da teburinta.

"Shiru, in tambaye ki mana."

"Ina ji."

"Yaya... wane irin turare take so?"

Yatsunta suka tsaya cak.

"Ban sani ba."

"Ɗaki ɗaya kuke kwana fa!"

"Ba na shinshina ta."

Ya yi dariya, ya taɓa kunnensa. "To Baba fa? Ranar hutu yana wuni a gida? In mutum zai zo gaishe shi, da safe ya fi ko da yamma?"

Har maganar ta kai nan! Kuma ita ce za ta share masa hanya, ita ce za ta zaɓa masa turare!

"Ka tambaye ta mana. Ai ka san hanya."

Ya yi mata wani irin kallo, kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Ya ɗauki jakarsa ya ce zai je ya kai wa wani mai shago aikinsa.

Takunsa na ɓacewa a matakala ta buɗe cikin shafin, inda umarnin da ke tafiyar da komai yake a rubuce layi-layi. Ba ta iya buɗe saƙonnin ba, ita ta ƙera makullin da kanta. Amma hanyar da suke bi tana hannunta.

Layi uku ta ƙara. Duk saƙon da ya taso daga biyu zuwa arba'in da ɗaya, ko daga arba'in da ɗaya zuwa biyu, a nuna wa mai shi cewa ya tafi, amma kada a isar. Ta zo kan umarnin gogewa ta kasa. Tunda take ba ta taɓa goge bayanin kowa ba. Sai ta buɗe wani ɗan lungu a rumbun shafin ta ce su taru a can.

Auta tana da wata ɗabi'a da malamansu suka sha yabo: ba ta rubuta umarni ba tare da ta sa ɗan bayani a samansa ba, don wanda zai zo bayanta ya gane. Hannunta ya yi abin da ya saba tun kafin ta yi tunani. Ta rubuta: na ɗan lokaci ne.

Ta tura. Ta rufe kwamfutar.

Daɗin abin bai kai ta gida ba.

Ranar farko Yaya ta riƙa duba waya tana ajiyewa. Kashegari ta kashe ta ta kunna, ta cire layi ta mayar, ta fita tsakar gida tana ɗaga ta sama. Daga baya ta samu Auta a ɗaki.

"Auta, shafin nan naku lafiya yake kuwa?"

"Me kika gani?"

"Ba komai. Ina tura saƙo yana nuna ya tafi... Na ce ko matsala ce daga wajenku."

Auta ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido.

"Lafiya yake."

Yaya ta yi ɗan murmushin da Auta ta tsana, irin na shekarun baya.

"To shi ke nan. Shi ne ke nan."

Ta fita. Jim kaɗan Auta ta jiyo ƙarar kwanuka. Ta leƙa, ta ga Yaya na sake wanke waɗanda aka riga aka wanke aka kife. Umma na tsaye a bayanta tana kallo, sai ta juya ta koma ɗaki.

Kowace safiya Auta na hawa matakala da niyyar cire layukan nan. Sai ta tarar da Dogo zaune da damuwa a fuska, ko gaisuwa ba su gama ba zai ce, "Yaya lafiya kuwa? Ba ta ce komai ba?" Sai kishin ya sake taso mata. Ji yadda ya rame a kanta! Ni da zan yi wata ban zo ba, zai lura? Sai ta ce a ranta, gobe.

A allo, igiyar ta fara sirancewa.

Wata ranar ta iso ta samu Dogo a kan kujerarta, gaban kwamfutar ofis. Bai juyo ba. Bai ce Shiru ba.

"Zo ki ga wani abu."

Ta matso. Layukan nan uku ne a tsakiyar allo, ya haskaka su.

"Na zo rufe wani akawun ne," ya ce, muryarsa a kwance. "Na ce bari in duba ko akwai matsala kafin in rufe. Da farko na ɗauka wani ne ya fasa mana shafi. Har na fara zufa. Sai na ga wannan." Ya sa yatsa a kan ɗan bayanin. "Ɓarawo ba ya barin bayani, Auta. A duk ajinmu mutum ɗaya na sani da za ta yi ɓarna ta tsaya ta rubuta mata bayani."

Ta dafa tebur.

"Me ya sa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Magana nake miki! Mutane sun ba mu amanarsu. Mun ce musu ko mu ba ma taɓa saƙonsu. Kuma ki rasa wadda za ki yi wa sai Yaya? Yayarki?"

"Ai sai ka je ka same ta!" Maganar ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba. "Ka san gidan, ka san asibitin! Me kake jira da shafi? Ka sayi turarenka, ka goge mata kujera, ka juya mata fanka! Ni me ya dame ni? Ni ai allo ce, a yi rubutu a kaina a tafi!"

Dogo ya miƙe a hankali.

"In same ta... ni?"

"Lamba biyu! Ka ɗauka na manta? Ina zaune ka buɗe ta!"

Dogo ya koma ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi... Shiru, lamba biyu ba tawa ba ce tun tuni. Ta Yaya Malam ce."

Ta san Yaya Malam. Wansa ne, malamin lissafi a makarantar sakandare, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da gida shiru. Ta taɓa ganin sa sau ɗaya, sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar ofis.

"Lokacin da rajista ke ba mu matsala, kin tuna? Lambar tabbatarwa ta ƙi shiga wayarsa. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda ya gwada, na san in ya tashi ba zai dawo ba. Sai na goge bayanaina a akawun ɗin gwaji na ba shi. Da na ga zarensa ya haɗu da na Yaya, har sujada na yi. Shi bai ma san ko wace ce ba, ni ne nake ta rawar kai ina share masa hanya."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Wa ya kawo dokar kada mu yi zancen kowa? Ba ke ba?"

Ƙofar da aka ɗaga. Shayi ba sukari. Gida ɗaya suka tashi, ai dole!

"Kin san saƙonsa na ƙarshe? Shi ya gaya mini jiya. Ya faɗa mata sunansa, ya nemi izinin zuwa gaishe da Baba. Ya ce in ba ta amince ba kada ta wahalar da kanta da amsa, shirunta ya isa. Ya jira, ya jira... Jiya ya ce in rufe masa akawun. Wai shi dama ya san ba a dace sau biyu."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ban goge ba," ta ce. "Wallahi ban goge ko ɗaya ba. Suna nan a ajiye. Bari in sake su yanzu..."

Ta kai hannu, ya janye kwamfutar.

"A'a. In suka shiga haka kawai, za ta ce matsalar na'ura ce, ke kuma ki fake a bayan na'ura. Ki je ki gaya mata da bakinki. In kin gama ki kira ni, ni zan sake su."

Bai ƙara kallon ta ba.

A asibiti ta samu Yaya lokacin hutun rana, zaune kan benci a bayan ɗakin magani, abincinta a rufe a gefe.

"Auta? Lafiya? Umma ce?"

Auta ta durƙusa a gabanta, a kan siminti, ba ta damu da masu wucewa ba. Ta faɗa. Ta faɗi layukan uku, ta faɗi ƙaryar "lafiya yake". Maganar na fita gutsi-gutsi, rabi kuka ya cinye.

Yaya ba ta katse ta ba. Da Auta ta gama, Yaya ta ce, "Kina kallo ina wanke kwanukan da aka wanke."

"Ina kallo."

"Kin san abin da shiru ya taɓa yi mini. Duk gidan nan ke kika fi kowa sani. Ke kike jin kukana."

"Na sani, Yaya... Ki yafe mini. Ko ki mare ni, don Allah ki mare ni!"

"Tashi. Ba na dukan marasa lafiya."

Auta ba ta tashi ba. Yaya ta juya fuska gefe, ta share ido da bayan hannu. Sannan ta ce, "Amma me na yi miki? Abin da nake son ji ke nan."

"Na ɗauka... na ɗauka Dogo ne."

Yaya ta juyo gaba ɗaya.

"Dogo? Dogon ofishinku? Wannan yaron da nake gani kamar ɗan cikina?" Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe shiru-shirun nan da ciki! Son sa kike yi?"

Auta ta cusa fuska a cinyar Yaya.

"Ke! Shekara nawa kina zaune da mutum a ɗaki ɗaya, kin iya gina wa duniya hanyar magana, ke kin kasa buɗe baki? Da kin tambaye ni, Auta. Kalma ɗaya! Ko da shi ɗin ne, kina ganin zan ɗauki abin da ranki ke so in kai ɗakina?"

"Shi ya sa ban tambaya ba. Na san za ki bar mini."

Hannun Yaya ya sauka a kanta, ya tsaya can. Ba ta ce ta yafe ba, amma ba ta ɗauke hannun ba.

Auta ta ciro waya ta kira Dogo. "Na faɗa mata," ta ce. Yana ji ya kashe wayar.

Ba a jima ba wayar Yaya ta yi ƙara a aljihu. Ta sake yi. Ta sake, ta sake, ta ƙi tsayawa, kamar an ɓalle bakin famfo. Wata ma'aikaciya da ke wucewa ta ce, "Sista, wayarki ta haukace!"

Yaya ta ciro ta da hannu biyu. Tana karantawa tana dariya, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Da ta kai na ƙarshe ta dafe ƙirji.

"Wai shiruna ya isa... Ji mutum! Wa ya ce masa na yi shiru?" Ta ture Auta da gwiwa. "Matsa ki ba ni wuri, 'yar baƙin ciki, amsa zan rubuta."

Ranar hutun da ta biyo Yaya Malam ya zo gaishe da Baba. Sai da ya sunkuya a ƙofar falo, Umma na leƙe ta labule tana ta hamdala. Magana ta kankama, gida ya cika da hidima.

Dogo kuwa ya daina magana. Yana zuwa ofis, ya yi sallama, ya yi aikinsa, ya tafi. Ba Shiru, ba tsokana, ba labarin ƙofa. Auta ta ɗanɗani abin da ta shayar da mutum biyu, ta gane ba ƙaramin ɗaci ne da shi ba. Da kanta ta gyara tsarin shafin: daga yanzu babu layin da zai hau sai ɗaya ya rubuta, ɗayan ya duba ya amince. Ta tura masa ya duba. Ya amince, bai ce komai ba.

Bayan an kai Yaya ɗakinta da 'yan kwanaki, Auta ta hau matakala da safe ta tarar ya riga ta. Yana tsaye a bayan kujerarta. Tana shigowa ya sa gefen rigarsa ya goge ta, sama da ƙasa, har da ƙafafu. Ya juya fanka ta fuskance ta.

"Bismillah, ranki ya daɗe. Kada a ce ban taɓa ba."

Ta tsaya a ƙofa, jaka a hannu, kunya kamar ta nutse.

"Ka huce?"

"Ban gama ba. Saura kaɗan." Ya jawo tasa mai rawa ya zauna. "Abin da kika yi ba kyau, Shiru. Ba zan ce miki ba komai ba."

"Na sani."

"Amma akwai abin da ke ci mini rai fiye da shi. Ke da kike ganin komai, kin san kunnen da nake taɓawa, kin san shayina... Kin tuna tambayoyin da ake amsawa wajen rajista?"

"Kai ka rubuta su."

"Wa na riƙa yi wa su ɗaya bayan ɗaya, ina cewa gwaji ne? Me ke sa ki fushi, wane irin gida kike so, in an ɓata miki rai magana kike so ko a ƙyale ki?"

Ta ɗago kai a hankali.

"Rabinsu ma ban sa a shafin ba," ya ce. "Ni nake son ji."

"Dogo..."

"Kin ce in an ɓata miki rai a ƙyale ki. Na yi ta ƙyale ki, ashe kashe kaina nake yi! Na bar akawun ɗina ne don ba ni da abin nema a ciki. Wadda nake so tana tebur na gaba, tana hararata saboda kujera."

Ta rufe fuska da mayafi. Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ji mai magana! Gwanar faɗa!"

Ta zauna a kujerar da aka goge, iskar fanka na kaɗa mata mayafi. Ya matso da tasa, ta yi ƙara kamar za ta karye.

"Yanzu ki amsa mini tambayar da kika ƙi amsawa rannan. Baba da safe ya fi ganin baƙi, ko da yamma?"

"Da yamma," ta ce cikin mayafi.

"Turare fa? Ba na Yaya ba."

"Zan rubuta maka."

"A'a, masoyiya. Mun gama da rubutu." Ya sa hannu ya rufe kwamfutarta a hankali. "Da baki za ki faɗa. Ina nan zaune, ko zai kai yamma."

Auta ta sauke mayafin. Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun suna jami'a, ta buɗe baki.